Taƙaitawa kan tsoffin shagunan da aka rufe a Argungu

Jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan dalilin rufe shagunan nan da abin da ya kamata a yi da ginin.

1. Kusan kowa ya yarda cewa cinikin wurin na baƙin bikin kamun kifi ne. Bayan na 2009 aka dakatar da bikin, sai a 2020 ya dawo. A tsakanin nan masu tabarmi, ƙorai da kayan fata suka rasa masu saye, suka dinga fita ɗaya bayan ɗaya.

2. Rashin gyara. Kwano na yoyo da damina, ƙofofi sun yi tsatsa, awaki na kwana a baranda. Da yawa sun ce haya kawai ake karɓa.

3. Kan abin da za a yi da ginin ne aka rabu. Wasu na ganin a mayar da ginin ma'ajiyar shinkafa, tunda Argungu garin shinkafa ne, kuma manomi yana nan rani da damina. Wasu sun ce a gyara, a sauƙaƙa wa masu sana'ar hannu haya, ko don masu ziyartar Gidan Tarihin Kanta. Ni dai ina tare da waɗannan, don sana'ar iyayenmu ce ke mutuwa.

4. Masu bin ragowar kuɗin hayar da suka biya su riƙe rasit, su fara bi ta hannun shugabannin 'yan kasuwa kafin kotu.