Wace ƙafar kyamara zan saya don aikin biki?

Assalamu alaikum manyanmu. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton biki a Kano da Canon 80D, kwanan nan kuma na samu lensin 70-200 f/2.8 na hannu. Ƙafar da nake da ita mai araha ce, kanta na roba. Asabar ɗin nan a wurin dina, ana tsakiyar liƙi wata yarinya ta bangaje ta, kyamara ta yi gaba, da ban tare ba da ta sha ƙasa. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Hoto da bidiyo duka nake yi. Wacce zan saya?

Wani tsohon hannu daga Kaduna: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, ƙanena. Fara da nauyi. 80D gram 730 ce, lensin nan kuma kusan kilo ɗaya da rabi. Ka ɗora filasha da makirufo, ka doshi kilo uku. Nemi ƙafar da aka rubuta tana ɗaukar ninkin haka. Sannan ina zargin ta gindin kyamara ka ɗaura ta. Lensin yana da zobensa mai ƙafa, nan ake ɗaurawa, in ba haka ba nauyi ya rinjaya gaba. Tunda kana bidiyo, ka sayi kai mai hannu wanda ake juyawa a hankali ba ya fizga. Kai mai ƙwallo na hoto ne, in ka bi shigowar amarya da shi sai hoton ya riƙa karkarwa.

Wata mai hoto daga Zariya: Ni dai a kamu ba na fito da mai ƙafa uku. Tsakar gida cike da mata da yara da kuloli, ina za ka baza ta? Mai ƙafa ɗaya nake riƙewa, ina ratsa taro da ita har ɗakin amarya. Mai ƙafa ukun a zauren dina take da amfani, ka kafa ta gefen kujerar ango da amarya, ka sa yaronka ya tsaya kanta.

Wani daga Katsina: Kada ka kashe kuɗi a ta kabon, wato mara nauyin nan mai tsada, ta alminiyam ta ishe ka, nauyinta ma taimako ne a cunkoso. Ka sayi ta kamfanin Manfrotto ta hannu ko ta kamfanin Benro sabuwa. In ta hannu ce ka tabbata farantin da ake ɗaura kyamara a kansa yana nan, nemansa daban wahala ce. Ka buɗe makullan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ka danna, ƙurar hunturu tana cinye su. Kuma ka bar zaro sandar tsakiya, ka rataya jakarka a ƙasanta.

Mai tambaya: Wallahi Oga ka gano ni, ta gindin kyamara na ɗaura. Zoben yana cikin jaka ban taɓa sa shi ba. Gobe zan tafi da kyamarar in gwada a shagon kafin in biya. Na gode, Allah ya bar zumunci.