Kaset-kaset ɗin mahaifinmu: hoto yana lalacewa idan na mayar da su kwamfuta

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Bayan rasuwar mahaifinmu muka tarar da wani kwali cike da kaset-kaset na VHS guda 23, waɗanda ya ɗauka tun muna yara, daga 1991 zuwa 1999. Akwai ranar da ƙanena ya fara tafiya. Akwai mahaifiyarmu tana dariya tana kare fuska da hannu don kada a ɗauke ta. Muryarsa kuwa tana cikin kusan kowanne, tunda shi ne mai riƙe da kyamarar.

Na ari na'urar bidiyo, na sayi ɗan abin nan mai filogi uku, ja da fari da rawaya, da ake sokawa a kwamfuta. Na kwafi kaset biyu. A talabijin hoton ba laifi. A kwamfuta kuwa fuskoki sun dushe kamar an shafa musu mai, duk wanda ya motsa sai gefen jikinsa ya tsattsage kamar haƙoran mataji, saman hoton kuma yana karkacewa. Da na yanke na haɗa na tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, sai abin ya ƙara muni, har ƙanwata ta ce ba ta gane Baba ba a wurin da ya juyo da kyamarar kansa. Don Allah a ina nake kuskure? Saura 21, ba na so in ɓata su.

Tsohon mai ɗaukar bidiyo:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ɗana, dakata tukuna, kada ka ƙara saka ko ɗaya.

Ɗauki kowane kaset ka leƙa ta tagarsa a cikin haske. In ka ga wani farin abu kamar gari a jikin naɗin zaren, fumfuna ce, ware shi gefe. In ka saka shi zai ɓata kan na'urar, ya kuma shafa wa na bayansa. Sannan ka ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kowane kaset, don kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka ya goge muku abin da ba ya dawowa. Ka fara gwada na'urar da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, ka ga ko tana cin zare.

Rabin kyan hoto daga na'urar yake fitowa. Tun 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera su, saboda haka duk wadda za ka samu tsohuwa ce. Nemi irin ta S-VHS mai mafitar S-Video. Filogin rawaya yana cakuɗa haske da launi a waya ɗaya, S-Video kuwa yana raba su, shi ya sa launi ba ya malalewa. Karkacewar da kake gani a sama daga rawar zaren take, domin ba ya tafiya daidai wa daida. Talabijin yana haƙuri da wannan, kwamfuta ba ta yi. Maganinsa abin da ake kira TBC, mai daidaita layukan hoto. Wasu na'urorin JVC da Panasonic suna da shi a ciki. In ba ka samu ba, mutane da yawa suna bi da siginar ta cikin tsohuwar na'urar DVD ta Panasonic, DMR-ES10 ko ES15, kafin ta shiga kwamfuta.

Mai tace bidiyo:

Abin da dattijo mai ɗaukar bidiyo ya faɗa gaskiya ne, bari in ɗora. Ɗan'uwa, sau uku aka matse hotonka. Manhajar da ka kwafa da ita ta matse, manhajar yankan ta sake matsewa da ka fitar, WhatsApp ya yi na uku. Kowace matsewa zubar da wani abu take yi, kuma abin da aka zubar ya tafi ke nan. Hoton VHS kuma cike yake da tsaki-tsaki, sai manhajar ta ƙarar da ƙarfinta a kansu, ta bar fuskar mutum a dushe.

Don haka ka kwafa sau ɗaya, ba tare da asara ba. Manhajar VirtualDub na iya yi, da tsarin ajiye bidiyo marar asara irin HuffYUV ko Lagarith, akwai kuma FFV1 da ma'ajiyoyin tarihi ke amfani da shi. In kaset ɗinku PAL ne, wato tsarin talabijin na Najeriya da yawancin Turai, ka ɗauka a girman hoto 720 da 576, firam (wato hotuna) 25 a daƙiƙa. In NTSC ne, tsarin Amurka, 720 da 480. Kada ka ƙara masa girma, kada ka gyara komai a wannan matakin. Wannan fayil shi ne uwa. Ba a yanka ta, ba a gyara ta, kwafinta ake yi wa aiki. Matsewa kuma sai a ƙarshe, sau ɗaya tak.

Ka shirya wurin ajiya: awa ɗaya kan ci giga 30 zuwa 40. In kaset ɗinku masu awa 3 ne kuma a cike suke, awa 69 ke nan, za ta haura tera 2. Kuma ka ajiye a wuri biyu, domin faifan ajiya yana mutuwa ba sallama.

Wani mamba:

Yaya, da girmamawa, ba kowa ne zai iya wannan nauyin ba. Ni da tsarin DV, mai ɗan matse bidiyo, na kwashe namu, giga 13 a awa, kuma idona bai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Kada neman wanda ya fi kyau ya sa kaset su shekara a kwali suna ƙara lalacewa.

Mai tace bidiyo:

Ban ƙi ta taka ba, DV ya fi abin da ya yi nesa ba kusa ba. Amma matsewa ce shi ma, kuma ranar da ka zo gyaran launi ko rage tsaki za ka ga inda ya gaza. Ni dai in kaset ɗin mahaifina ne, zan sayi faifan. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne kaset ɗin MiniDV, ƙaramin kaset na kyamarar dijital: shi dama lambobi ne a ciki, ta wayar FireWire ake kwashe shi yadda yake.

Ɗalibin fim:

Batun haƙoran mataji, Malam, ba lalacewa ba ce. Tsohon talabijin rabi-rabi yake zana hoto: layuka na ɗaya, na uku, na biyar, sannan ya dawo ya cike na tsakani, sau 50 a daƙiƙa. Kowane rabi lokacinsa daban. Kwamfuta ce ke haɗa biyun wuri ɗaya, sai abin da ya motsa ya tsage. A bar uwar haka. A kwafin kallo ne za a warware, da matacin QTGMC in kana da haƙuri, ko Bwdif da ke cikin manhajar HandBrake. Ka zaɓi firam 50, kada ka tsaya a 25, in ba haka ba ka zubar da rabin motsin, tafiyar ƙanenka za ta riƙa tsalle.

Abu biyu kuma. Siffar hoton 4:3 ce, kada ka miƙe shi don ya cika allo, mutane za su yi faɗi. Kuma kafin ka fara kwafa ka duba haske: in farar riga ta ƙone ta zama fari fat, ba manhajar da za ta dawo da ninkinta.

Wata mamba:

Me zai hana a ba manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira su mayar da shi tangaran?

Tsohon mai ɗaukar bidiyo:

'Yata, VHS layi kusan 240 kawai yake iya rarrabewa a faɗin hoto. Abin da babu a zaren, manhajar ƙagowa take yi. Na taɓa ganin an yi wa wani dattijo haka, ya fito da haƙora da idanun da ba nasa ba, fata sumul kamar roba. Jikokinsa ba za su sani ba, amma 'ya'yansa sun sani. In za a gwada, a gwada a kwafi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To guda biyun da na riga na kwafa fa, ana iya gyara su? Sannan yaya zan tura wa 'yan'uwa ba tare da ya sake lalacewa ba?

Mai tace bidiyo:

Sake kwafarsu, tunda kaset ɗin na hannunka. Wajen turawa, fitar da MP4 mai H.264 ba tare da ka ƙuntata masa ba, ka tura shi a matsayin fayil, ko ka ɗora a ma'ajiyar intanet ka ba su mahaɗi. In yanka kawai kake so daga wannan MP4 ɗin, LosslessCut yana yanka ba tare da sake matsewa ba. Kuma ko ka gama, kada ka zubar da kaset ɗin. Jera su a tsaye, nesa da zafi da danshi da lasifika.

Mai tambaya:

'Yan'uwa, na dawo da labari bayan mako uku. Kaset biyu na samu da fumfuna, na ware su har in sami mai tsabtacewa. Na'urar S-VHS ban samu ba tukuna, amma na sami ES15, kuma karkacewar ta tafi. Na sake kwafar na farko da Lagarith, ya ci giga 94. Daren jiya na tura wa ƙanwata wurin nan da Baba ya juyo da kyamara. Ashe akwai ɗan tabo a gefen girarsa ta hagu da duk muka manta da shi, yanzu ana ganinsa. Ta kira ni ta kasa magana. Gobe in Allah ya kai mu zan saka na biyu.