Waɗanda suka taɓa sayen tsohuwar motar soja, me kuka tarar a ƙarƙashin fentin?

Mai Tamfol:
Salamu alaikum jama'a. An yi min tayin wata Land Rover ta soja, irin wadda ake ce wa Lightweight, wai ta shekarun 1970 ce, ta sha sabon fenti kore shar, mita kuma bai nuna ta yi wata tafiyar a zo a gani ba. Kafin in je dubawa ina so waɗanda suka taɓa sayen irin motocin nan su faɗa mana abin da suka tarar bayan mota ta zama tasu. Abin da ido ya gani nake so don Allah, ko jif ce ko Unimog, babbar motar nan ta Jamus, ko ta Rasha duk a kawo.

Baba Sufana:
Wa'alaikumus salam. Ɗana ka manta da fentin nan tukuna, ka nemi tocilan da ƙaramar guduma da kayan da ba ka jin tausayinsu, don kwanciya za ka yi a ƙasa. Land Rover tun ta farko ta 1948 bodinta alminiyam ne, lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙi, shi ya sa za ka ga mota ta shekara hamsin jikinta sumul. Amma shasin ƙarfe ne, kuma kamar akwati yake rufe ta ko'ina, laka da ruwa su shiga ta ramuka su kwanta, tsatsa ta fara ci daga ciki, kafin ta ɓullo waje ta gama aikinta. Tawa da na sayo daga sama ba ka ganin komai, an shafe shasin da wani baƙin abu mai kauri irin kwalta. Da muka ɗaga ta na bi ina ƙwanƙwasawa, inda yake da lafiya ka ji ƙau ƙau, ina zuwa ƙarfen baya wanda ake ɗaura tirela sai na ji ɗuf, na ƙara sau ɗaya kan gudumar ya shige ciki, ɓawon tsatsa da busasshiyar laka suka zubo min a fuska. Ka duba wannan na bayan, ka duba hannayen da suka fito gefe suna riƙe bodi, da inda sifirin ya kama. Sannan bangon da ke tsakanin inji da direba shi ma ƙarfe ne, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga inda ƙafa ke sauka. Duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe kuma in ka ga farin gari, to suna cin juna ne a wurin.

Ɗan Rediyo:
Baba ya gama magana kan shasi. Ni mitan nan ne ya tsaya min a rai. Malam ka fara tambaya ko mai rediyo ce, wato FFR, za ka gane ta da wuta volt 24 maimakon 12, janareto ƙato a gefen inji, wayoyin fulogi kuma masu sulke. Irin waɗannan ajiye su ake wuri ɗaya a bar inji yana aiki awa da awanni don cajin batiran rediyo, taya ba ta juya ba balle mita ya ƙirga. Tawa haka take, mita kamar sabuwa, da na tayar da ita da safe shuɗin hayaƙi ya turnuƙe wurin, da bakanike ya buɗe sai ga ring da fistin sun gaji liƙis. Ka ce kar a tayar da ita kafin ka iso, ka ɗora hannu kan injin ka tabbata da sanyinsa. Kuma wuta 24 ɗin nan ba matsala ba ce in komai na nan, matsalar ita ce wadda wani ya fara mayarwa 12 ya gaji a hanya, rabi nan rabi can, ka sa kwan fitila ya ƙone ka rasa dalili.

Anti Jif:
Ni ta Amurka ce tawa. Abin da ke faruwa a jif ɗin yaƙin duniya na biyu daban ne, can tambayar ita ce wai wace mota ce ma kake saya. Kamfani biyu suka yi ta tsakanin 1941 da 1945, Willys da tasu MB, Ford da GPW, sama da 600,000 gaba ɗaya, kuma da gangan aka yi su kayan wannan ya shiga wancan. Na je ganin wata da aka ce min Willys ce ta 1943, farantin bayanai a murfin akwatin gaban fasinja yana ta ƙyalli. Na sunkuya ƙarƙashin lagireto, ƙarfen da ya gitta shasi a Willys bututu ne zagayayye, wannan kuwa mai siffar U ne a kife, na Ford ke nan. Kan wasu notuna ga harafin F nan ɓaro-ɓaro, don Ford har kan ƙananan kaya suke buga shi. Bodin kuma sabo ne irin wanda ake ƙerawa a Filifin. Na saya duk da haka, amma a matsayin abin da take, bayan mun zauna da mai ita an sake magana.

Gaskiya cakuɗar ba laifi ba ce, sojojin da kansu in mota ta shiga garejinsu abin da ke kusa suke ɗaura mata. Laifin a ɓoye maka. Farantin nan sayar da sababbi ake, kowa na iya buga lamba a kai, don haka lambar jikin shasi ita ce abin dubawa, a Ford ma lambar inji da ta shasi ɗaya suke fitowa daga masana'anta. Sai kuma jif ɗin Hotchkiss M201 da Faransa ta yi da lasisin Willys daga 1955 zuwa 1966, mota mai kyau wallahi, da yawansu wuta 24 ne alhali ta yaƙi 6 ce, amma sai a zana mata farin tauraron sojan Amurka a ce ta ga yaƙi.

Mai Tamfol:
Anti to Lightweight ɗin ma ana yi mata wannan cakuɗar?

Ɗan Rediyo:
Sosai ma. An yi ta ne yadda za a kwance ƙofofi da gilashin gaba da saman bodi helikwafta ta ɗauke ta, to abin da ake kwancewa shi ke ɓata. Ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don na farar hula ba duka ke hawa ba.

Direban Mog:
Unimog 404 gare ni, mai injin fetur silinda shida, da ta daɗe a ma'ajiyar soja. Ba tsatsa ko kaɗan, amma zama ya fi tafiya kashe mota. Duk wata roba ta bushe, sil ɗin giyar da ke jikin kowace taya yana yoyo man ya jiƙa birki, man birkin kansa ya sha ruwa, tsohon fetur ya zama danƙo a kafireta. Tayoyi zanensu cif amma gefe duk ya tsattsage. Shekarar farko kusan roba kawai na yi ta saya. Ku auna ƙofar garejinku kuma kafin ku kawo irin wannan, tsayi gare ta.

Sajan Ritaya:
Abu biyu. In an kawo muku jif ɗin nan M151 ku bi layin walda a tsakiyar bodi da kyau, sojan Amurka yanka su ya riƙa yi maimakon sayar wa farar hula saboda yawan kifewa a kwana, wasu suka tsinci guntaye suka haɗa. Takardunta ma ku tantance kafin kuɗi ya fita. Na biyu, ni ba na son sabon fenti sam. Tawa da tsohon fentinta na same ta, na bi da samfefa a hankali hawa-hawa, sai ga lambar rundunar da ta yi aiki a ciki ta fito a bamba. Wanda ya kankare har ƙarfe ya share wannan har abada. Shi ya sa ma ban cika goyon bayan a canza shasi gaba ɗaya ba, a yi faci a bar na asali.

Baba Sufana:
Sajan a nan mun rabu. Faci kan faci na gani da idona, mai walda yana neman ƙarfe mai rai da zai kama bai samu ba. In ɓarnar wuri ɗaya ce ko biyu a yanke a sa sabo, in ta bi dogayen ƙarafan nan biyu to sabon shasi mai ruwan tutiya shi ne magana, mutum zai ɗauki iyalinsa a ciki fa. A dai bincika dokar rajista ta inda mutum yake kafin a canza, a ajiye hoton tsohuwar lamba.

Mai Tamfol, in shasi ya yi, ka gwada ogzilari a kan ƙasa ba kan kwalta ba, ka danna sandar giya mai rawayan kai, sannan ka tsaya ka ja mai jan kai baya ka ji ko ƙaramar giya na shiga ba ta fita da kanta. Ka saki totur a giya ta biyu ka ga ko za ta tsalle. Ka tafi da sufanun inci don na mita ba za su kama maka yawancin notunanta ba. In kun daidaita kuma a ɗora ta a bayan babbar mota, kar ka tuƙa ta zuwa gida sai an buɗe birkin ƙafa huɗun an gani.