Taƙaitawa: Shawarwarin da aka bayar kan amfani da burauza

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan amfani da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet.

Inda aka yi ittifaƙi:

1. Rage shafukan da ke buɗe. Kowannensu yana cin ƙwaƙwalwar na'ura, shi ya sa take nauyi. Wanda za ka koma masa, adana shi a jerin alamomi (bookmarks).
2. A kwamfuta, Ctrl+Shift+T yana dawo da shafin da ka rufe bisa kuskure. Ctrl+F kuma na nemo kalma cikin dogon rubutu.
3. Sauke shafi a burauzar Chrome ta waya, ka karanta bayan data ta ƙare.
4. Yanayin sirri (incognito) yana hana ajiye tarihin shafukan da ka shiga a na'urarka ne kawai. Kamfanin layinka yana iya sanin shafukan da ka shiga. Wannan ya kamata kowa ya riƙe, domin da yawa sun ɗauka yana ɓoye su gaba ɗaya.

Inda aka rabu:

Masu amfani da burauzar Opera Mini sun ce tana tsimin data, ita kuwa Chrome ta cire nata tsarin tsimin data a 2022. Wasu suka ce Opera Mini tana hargitsa wasu shafuka.

Ajiye kalmar sirri a burauza ma an ja. Ni ina tare da masu cewa kada a yi hakan a kwamfutar da ake amfani da ita da wasu.