Taswirar tudu da kwari a babbar takarda: abin da aka ce a fada

Wani ɗalibin aikin gona ne ya kawo tambayar a fadarmu ta Maradi: ina zai samu taswirar Gulbin Maradi mai nuna tudu da kwari, a cikakken girmanta?

Dattijon cikinmu, tsohon ma'aunin filaye, ya ce: "Ɗana, fara da hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, a Yamai. Ka nemi mai ma'aunin 1:200.000, wadda santimita 1 a takarda ke daidai da kilomita 2 a ƙasa." Ya ƙara da cewa yawancin taswirorin tsofaffi ne; tudu bai gusa ba, amma hanyoyi da unguwanni sun canja.

Matasa suka fi son a kai fayil ɗin hoton taswirar wurin masu buga zanen gine-gine, masu injin buga babbar takarda da ake kira A0. Nan aka fi daɗewa, kuma ni ma nan na ga haɗarin: in mai bugawa ya matse hoton don ya shiga takarda, ma'auni ya tashi aiki. A ce masa ya buga ɗari bisa ɗari na girmanta, sannan a ɗora rula kan layin ma'aunin da ke jikin taswirar kafin a biya.

Haɗa ƙananan takardu da gam kuwa, ba wanda ya goyi baya.