Bargon ƙyallaye da ya ƙi ƙarewa

A hirar matan gidanmu, can wajen Ringim, zance ya faɗo kan bargon ƙyallaye na ɗinkin hannu, wanda kan shekara a kwando ba a gama ba. Iya ta ce kullum a taɓa shi, ko da faɗin tafin hannu ne, bayan la'asar kafin duhu ya hana ganin kafar allura. Yaya kuwa cewa ta yi a fara wanke ragowar atamfar da aka karɓo wajen tela, don wata tana zuba. Shawarar da ta fi burge ni: a zura zare a allura biyar tun da safe, a soke su jikin matashi. Kuma a fara tun damina, kada a jira hunturu.