Na gama jami'a a Amurka: in ci gaba da ƙungiyarmu ta mata ko in dakata?

Shugabar zaure: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ƙanwarmu ce ta turo wannan ta bayan fage, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, ban da gori.

Mai neman shawara: Anty, sannu da ƙoƙari. Don Allah ki miƙa min wannan ga iyayenmu da yayyenmu. A watan Mayu na kammala digiri a fannin akanta a ɗaya daga cikin jami'o'in baƙar fata na nan Amurka. Alhamdu lillahi na samu aiki a Houston, na tare, iyayena kuma suna Maryland. Tun ina shekara ta biyu na shiga sororiti, wato ƙungiyar zumuncin ɗalibai mata, ɗaya daga cikin manyan huɗun nan na mata baƙar fata. Ba zan faɗi wacce ba.

A makaranta abin ya yi min rana. Su suka koya min tsayawa gaban jama'a in yi magana, ta hannun ɗaya daga cikin manyanmu kuma na samu aikin hutun da ya kai ni ga wannan aikin. To yanzu reshen tsofaffin ɗalibai na nan garin sun gayyace ni. Na je taro ɗaya. Na tarar da mata sa'o'in kakata, an ci ado, ana karanta rahoton ma'aji layi-layi, ana ɗaga hannu kafin a yi magana. Sun karɓe ni hannu biyu, amma da aka miƙo min takardar kuɗin shekara, na uwar ƙungiya daban, na reshe daban, ga tikitin liyafa, ga tufafin taro, sai jikina ya yi sanyi. A Nuwamba zan fara biyan bashin karatu, ga haya, ga kuɗin mota, ga ɗan abin da nake so in riƙa tura wa Umma.

Na biyu, Baba bai taɓa son abin ba. Tun farko cewa yake ƙungiyar asiri ce. Ya yi shiru ne saboda ina makaranta, yanzu ya ce tunda an gama boko sai a rufe wannan babin. Ni kuma ban san kowa a garin nan ba sai abokan aiki. Ranar Asabar sai in wuni ban yi magana da ɗan Adam ba. In shiga reshen, ko in bari?

Maman 'yan biyu, Bronx: 'Yata, Allah ya sa albarka a karatu. Ni ban ga abin dogon tunani a nan ba. Mahaifinki ya ce a bari, aljihunki ma ya ce a bari. Ki nemi masallaci kusa da ke, Houston cike take da 'yan Najeriya, ba za ki rasa 'yan'uwa ba.

Anty ma'aikaciyar jinya, Atlanta: Maman 'yan biyu, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki, don ni 'yar ciki ce, na daɗe a reshen tsofaffin ɗalibai. Yawancinmu a zauren nan abin da muka sani na sororiti shi ne na finafinai: 'yanmata a babban gida, casu, giya. Na baƙar fata tafiyarsu daban ce tun asali. Alpha Kappa Alpha (AKA) a 1908 aka kafa ta a Jami'ar Howard da ke Washington, Delta Sigma Theta a 1913, Zeta Phi Beta a 1920, duk a Howard ɗin, sai Sigma Gamma Rho a 1922 a Jami'ar Butler da ke Indianapolis, wadda malaman makaranta mata bakwai suka kafa. A lokacin nan mace baƙa mai digiri ba ta da inda za ta je a saurare ta, ƙungiyoyin fararen fata ba sa karɓarta. Shi ya sa suka gina nasu, kuma suka gina shi don rayuwa gaba ɗaya. Abin farko da 'yan Delta suka yi a bainar jama'a shi ne shiga jerin gwanon neman 'yancin zaɓe na mata a Washington a Maris 1913. Shirley Chisholm, mace baƙa ta farko a majalisar dokokin tarayya, 'yar Delta ce. Kamala Harris 'yar AKA ce tun tana Howard.

Abin da nake so ki gane, ƙanwata, shekarun makaranta su ne ƙaramin ɓangare. Ainihin aikin yana reshen da kika je ɗin nan: tallafin karatu ga 'yanmatan sakandare, rajistar masu zaɓe, gwajin hawan jini kyauta, raba abinci. Waɗancan tsofaffin da suka gundure ki da rahoton ma'aji, a cikinsu akwai shugabar makaranta mai ritaya, akwai lauya, akwai wadda ta san wa ke ɗaukar ma'aikata a kamfanin da za ki nema nan da shekara uku. Lokacin da mijina ya kwanta asibiti, su suka yi ta kai yarana makaranta bi da bi, ba wadda na roƙa.

Amma ba zan ruɗe ki ba, abin yana cin kuɗi, yana cin lokaci fiye da kuɗin ma. Sabuwar shiga mai digirin akanta? Wallahi kafin ki zauna sun saka ki a kwamitin kuɗi. Ga abin da ba a faɗa miki ba: zaɓin ba biyu ba ne kawai. Kina iya biyan na uwar ƙungiya kaɗai ki zama mamba ba tare da reshe ba. Kina iya dakatawa gaba ɗaya, sunanki ba ya goguwa, sai dai ba ki da ƙuri'a, ba ki shiga taron cikin gida, kuma ranar da za ki dawo akwai kuɗin sabuntawa. Ki kira sakatariyar kuɗi ta reshen, ke da ita kawai, ki tambaye ta abu uku: akwai rangwame ga wadda ta gama makaranta bana, ana biya kashi-kashi, kuma nawa ne kuɗin dawowa in kin tsallake shekara. Kada kunya ta hana ki. Babban taron ƙasa da ake yi duk shekara biyu, da jirginsa da otal ɗinsa, ba farilla ba ne. Jaka da jaket masu harufan ƙungiya ma haka.

Malamar Islamiyya, Columbus: Ni tambayata ɗaya ce ga Antyn Atlanta da mai tambaya, kuma ba da faɗa ba. An ce akwai rantsuwa da al'adun da ba a faɗa wa na waje. Me ake rantsewa da shi? Da wace addu'a ake buɗe taro? In akwai ruku'u ga wani abu, ko kiran wani ba Allah ba, to babu maganar kuɗi ko kaɗaici, an gama magana. In kuma alkawari ne na riƙon amana da hidimar jama'a, wannan wani abu ne daban. Ke kika shiga, ke kika san abin da bakinki ya furta. Ki samu malami a nan ƙasar wanda ya san yadda abin yake, ki faɗa masa gaskiya tsakaninki da Allah. Kuma akwai irin waɗannan ƙungiyoyi na Musulmi mata, kamar Mu Delta Alpha da ta faro a yankin Dallas, a jiharku ɗin nan.

Anty ma'aikaciyar jinya, Atlanta: Malama, tambayarki a kan hanya take. Ba zan zayyana abin cikin ɗaki ba, amma zan faɗi iya abin da zan iya tsayawa a kai. Mafi yawan mambobi Kiristoci ne, don haka addu'ar buɗe taro sau da yawa irin tasu ce. Ni shiru nake yi, in yi tawa a zuci. Da hijabina nake zuwa, azahar in ta yi in fita in yi. Liyafar da ake shan giya ina sayen tikiti saboda kuɗin na tallafin ɗalibai ne, in an ci abinci in kama hanya. Akwai Musulmar da na sani da zuciyarta ba ta natsu ba, ta bari, kuma ban ga laifinta ba. Game da komawa wata ƙungiyar, ta fara bincike tukuna, don a tsakanin manyan huɗun nan dai wadda ta shiga ɗaya ba ta shiga wata har abada.

Yaya daga Zariya, yanzu a Minnesota: Ku bar ganin laifin Baba. Duk wanda ya yi jami'a a Najeriya a shekarun 1980 da 1990, in ka ce masa ƙungiyar ɗalibai mai rantsuwa da launi da alamar hannu, gawa yake tunowa. Abin ya faro ne a Ibadan a 1952 a matsayin ƙungiyar ɗalibai masu ra'ayi, daga baya wasu suka ɓalle, aka yi ta rarrabuwa har aka kai ga sara da harbi a harabar makarantu. Kuma a nan ɗin ma ba a wanke tas ba. Azabtar da sababbin shiga ta ci rayuka a Amurka, shi ya sa manyan ƙungiyoyin ɗalibai baƙar fata, na maza da na mata, suka soke tsohon salon ɗaukar mambobi a 1990, kuma a Disamba 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Don haka tsoronsa yana da tushe.

Kada ki yi masa gardama a waya. Tsoho ba ya sauka daga magana a waya. Ki bi ta wajen Umma. In kin je gida hutun Nuwamba, ki duba ko reshen garinsu na da rabon abinci ko bikin ba ɗalibai tallafi, irin wanda kowa ke shiga. Ki ɗauki Umma ku je. Ta ga dattijai mata suna ɗaura wa kwalaye tef suna loda su a bayan motocin mabuƙata, ita za ta kai masa labari da bakin da yake ji. In bayan haka ya ce a'a, ki dakata. Shekara ɗaya ko biyu ba ta kashe zumunci, fushin uba kuwa ba abin ɗauka ba ne a farkon rayuwa.

Akanta, Dallas: Abokiyar sana'a, zo mu yi lissafi, ke ma kin iya. Bashin gwamnatin tarayya wata shida yake ba ki bayan kammalawa, shi ya sa kika ga Nuwamba. In irin wanda gwamnati ba ta ɗauke wa ruwa ba ne, ruwan yana ta taruwa tun kina aji. Yau ɗin nan ki shiga shafin ma'aikatar ilimi ki ga wane kamfani ke karɓar naki, ki sabunta adireshi, don da yawa wasiƙarsu tana can tana zuwa tsohon ɗakin makaranta. In kin yi kwana 90 ba ki biya ba za a kai sunanki ga masu ajiye tarihin bashi, a kwana 270 kuma kin faɗa sahun waɗanda suka gaza. Wannan tabon shi zai bi ki wurin hayar gida da sayen mota. In kin sa a riƙa cira kai tsaye daga asusu ana rage miki 0.25 cikin ɗari na ruwan. In biyan ya yi nauyi akwai tsarin da ake auna shi da albashi, amma dokokinsa suna ta canzawa, ki karanta na yanzu.

Sauran biyu. In kamfaninku yana ƙara wa ma'aikaci a asusun ritaya na 401(k), ki zuba aƙalla iya abin da za su ƙara, barinsa asara ce. Inshorar lafiya kuma doka ta ba ki damar zama a ta iyayenki har ki cika 26, ki gwada da ta wurin aiki ki ga wacce ta fi sauƙi. Texas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, wannan ya ɗan rage miki zafi. Bayan haya, bashi, mota, na Umma da ɗan ajiyar ko-ta-kwana, abin da ya saura shi ne amsar tambayarki. Kuɗin ƙungiya dai kada ya hau katin bashi. Na ga masu yin haka don kada a ce ba su zo taro ba.

Hajiya, Greensboro: Duk kun yi ta lissafi ba wanda ya taɓo babbar magana. Yarinya ta gama karatu, ta samu aiki, tana zaune ita kaɗai tana kukan kaɗaici. Maganin wannan ba ƙungiya ba ce. Ina da ɗan ƙanwata injiniya.

Shugabar zaure: Hajiya, an ji, za a isar. Amma yau ba ranar haɗa aure ba ce, wannan sai Juma'a.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na yi dariya har na ƙware. Malama, abin da na furta na sake bin sa kalma-kalma a raina, ban ga inda na kira wani ba Allah ba, amma zan kai wa limamin masallacin da nake zuwa Juma'a don in samu natsuwa. Na kira sakatariyar kuɗin kamar yadda Antyn Atlanta ta ce. Ta ce ana biya kashi-kashi, kuma ayyukan hidima na ranar Asabar ina iya zuwa ko ban biya ba tukuna, taron cikin gida ne kawai ba zan shiga ba. Don haka bana zan tsaya a nan: in je aikin Asabar, in fara biyan bashi, in gwada dabarar Yayar Zariya a kan Umma. Maganar shiga reshe sai na ji bakin Baba. Anty Akanta, na duba, adireshina na makaranta ne a can kamar yadda kika faɗa, na gyara. Tambaya ɗaya ta rage: asusun ritayar nan, ana samun wanda babu hannun jarin giya da bankunan ruwa a ciki?

Akanta, Dallas: Ana samu, akwai asusun zuba jari da ake tacewa bisa shari'a, irin su Amana. Sai dai ba kowane kamfani ke saka su a jerin zaɓin ma'aikata ba. Ki tambayi ofishin kula da ma'aikata ko tsarinku yana da ƙofar da mutum ke zaɓar jarinsa da kansa. Ki turo min jerin da suka ba ki ta hannun shugaba, mu duba tare daren Lahadi.